GoPro, TG-7, waya ko babbar kyamara: wacce za ka shiga teku da ita?

Wanda ya koyi nutso da tulun iska ba ya daɗewa sha'awar ɗaukar hoto take kama shi, domin abin da ido ya gani a ƙasa ba ya zama a ka. Ka ga kifi mai ratsin rawaya, ka fito ka buɗe littafin kifaye, sai ka tarar da iri goma masu ratsin rawaya, ga shi ba ka tuna ko wutsiyar naka a tsage take ko a dunƙule ba. Daga nan ake fara tambayar kyamara. Zaɓi huɗu ne a gaban yawancin mutane: ƙaramar kyamarar bidiyo irin su GoPro da DJI Osmo Action, kyamarar aljihu mai jure ruwa irin TG-6 ta Olympus da ƙanwarta TG-7, wayar hannu a cikin gidan da ruwa ba ya shiga, sai kuma babbar kyamara mai canjin lensi a cikin gidanta na ƙarfe da fitilunta biyu. Kowace tana da ruwan da ya dace da ita da halittar da take iya kamawa. Wanda ya saya bai tambayi kansa inda zai riƙa nutso da abin da yake son ganewa ba, ya sayi kaya ne don ruwan wani.

Kafin a zo kan kyamarorin sai an san abin da ruwa ke yi wa haske, don duk rigimar daga nan take. Ruwa ya fi iska kauri kusan sau 800, kuma yana shanye launuka ɗaya bayan ɗaya. Ja ne ke fara tafiya, tun wajen mita 5 ya dushe. Ruwan lemo ya bi shi, rawaya ya biyo baya, har ya zama daga mita 20 zuwa ƙasa kusan komai shuɗi ne ko kore. Abin da sababbi ba su cika lura da shi ba shi ne, ba zurfi kaɗai ake ƙirgawa ba, duk tafiyar da hasken ya yi a cikin ruwa ce. In kana mita 3 ƙasa, kifin kuma yana mita 3 daga gare ka, hasken ya yi tafiyar mita 6 kafin ya iso kyamara, jan ya riga ya tafi. Haka fitila ma: haskenta zai je ya dawo, shi ya sa ko filasha mai ƙarfi ba ta yin wani abin kirki bayan mita ɗaya da rabi. Sannan akwai karkatar haske. Ta cikin shafaffen gilashi, na tabarau ne ko na gidan kyamara, abu yana ƙara girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, yana kuma matsowa kusa, faɗin abin da lensi ke ɗauka ya ragu. Duk wannan abu guda yake cewa: a matsa kusa, a rage ruwan da ke tsakani. Saboda haka tambayar farko da zan yi wa kowace kyamara ita ce, kusa nawa za ta bari in matsa, kuma wane haske za ta yarda in haɗa mata.

GoPro da 'yan uwanta sun amsa rabin tambayar da kyau. Lensinsu mai faɗi ne ƙwarai, don haka kana iya zuwa dab da babban abu ya shiga gaba ɗaya. Yawancin GoPro suna jure mita 10 ba tare da gida ba, da gidansu kuma mita 60. Osmo Action 4 tana kai mita 18 tsirararta. Kada wannan lamba ta ruɗe ka. Takardar shaidar nutso ta farko ita kanta mita 18 take ba ka, ta biyu mita 30, kuma matsin ruwa yana danne maɓallai tun kafin a kai iyaka, don haka gidan ba abin a bari ba ne. Inda waɗannan kyamarori suka yi fice shi ne ruwa mai ja. A mashigan ruwa na tsibiran Maldibs, ko a tsibiran Darwin da Wolf na Galafagos inda mutum kan riƙe dutse da hannu ɗaya garken kifayen shak masu kan guduma suna wucewa ta samansa, ba ka da hannu biyu na juya maɓallai, ba ka kuma son wani ƙaton kaya da ruwa zai riƙa fizga. Ka danna maɓalli ɗaya, na'urar da ke hana hoto rawa ta yi sauran aikin. Manta, wato ƙaton kifin nan mai faffaɗan fukafukai, kunkurun teku, jirgin da ya nutse kamar Thistlegorm da ke kwance a Bahar Maliya tun 1941, duk abincinta ne.

Rauninta kuwa a fili yake. Idonta a kafe yake wuri ɗaya, abin da ya matso ƙasa da santimita 30 ko makamancin haka sai ya fito dishi-dishi. Abin da ya yi nisa kuma faɗin lensin ya mai da shi ɗan ɗigo. Kifin da bai wuce tsawon yatsa ba, ko ka ɗauke shi, ba za ka iya ƙirga ratsinsa ba. Akwai ƙarin lensi da ake maƙalawa a gaba don ɗaukar ƙanana, yana taimakawa, amma nisan da hoton ke fitowa tsaf siriri ne, sai ka yi ta kai da komo kana lalube. Ba ta kuma iya kunna filasha, sai dai fitila mai ci gaba da haske. Jan gilashin da ake sa mata don dawo da launi yana aiki a shuɗin ruwa mai rana, tsakanin mita 5 zuwa 20, amma ba ya ƙirƙiro jan da babu, rage shuɗi kawai yake yi, don haka hoton na ƙara duhu. A koren ruwa kuma wani launin gilashi ake buƙata daban, mai ja da shuɗi a gauraye. In ka kunna fitila da jan gilashi a gaba, komai zai fito jawur.

TG ita ce wadda na fi tsayawa a kanta, saboda ga mai son sanin sunan abin da ya gani, ban san wata da ta kai ta sauƙi ba. TG-6 ta fito a 2019, TG-7 a 2023 ƙarƙashin sunan OM System, kuma a cikin ruwa bambancinsu kaɗan ne, gida ɗaya ma suke shiga, wato PT-059 mai kai mita 45. Ita kanta kyamarar tana jure mita 15. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: ranar da ɗigon ruwa ya sami hanya cikin gidan, kyamarar da ke ciki ba ta mutu ba. Babu wata daga cikin manyan da za ta ba ka wannan kwanciyar hankali. Amma abin da ya ɗaukaka ta shi ne tana iya ɗaukar abu daga nisan santimita 1, ba tare da an ƙara mata komai ba.

Sai ka je wuri irin mashigin Lembeh da ke arewacin Sulawesi a Indunusiya za ka san amfanin wannan. Ƙasan baƙin yashi ne, ba murjani mai ƙyalli, nisan gani ma ba shi da yawa, kallon farko sai ka ce babu komai. Jagora zai tsaya ya nuna maka wani ɗan tsiro da sandarsa, ka zuba ido, can sai tsiron ya motsa ido. Akwai dodon-koɗin teku marasa ƙwanso, waɗanda an san fiye da iri 3,000 nasu, da yawansu ba su kai ƙumba ba. Ana bambance su ne da 'yan ƙahoni biyu da ke kansu, da tuntun numfashi da ke bayansu, da launin bakin rigarsu, wani iri da wani layi ɗaya siriri ne ya raba su. Akwai ɗan dokin teku na Bargibant, wanda tsawonsa wajen santimita 2 ne, yana zaune a kan reshen murjani mai kama da mafici, da ƙuraje a jikinsa iri ɗaya da na reshen. Tsabar ɓoyonsa, a 1969 aka fara ganinsa, shi ma bayan an ciro murjanin daga teku a Sabuwar Kaledoniya an kai ɗakin bincike. Irin waɗannan GoPro ba ta san suna nan ba. TG da fitila ɗaya ƙarama za ta fito maka da ƙurajen ɗaya-ɗaya.

Tana da nata aibin, kuma gara a faɗa. Sensarta, wato ɓangaren da ke karɓar haske ya mai da shi hoto, ƙarama ce, megafiksel 12, da haske ya ragu sai hoton ya yi tsaki-tsaki. Ba ta ba ka cikakken iko a kan saurin ɗauka, ita take zaɓa maka, wanda ke nufin kifi mai gudu a wuri mai duhu zai riƙa fitowa a shafe. Lensinta kuma, da zarar ya shiga bayan shafaffen gilashin gida, faɗinsa ya ragu, in kana son babban abu sai ka ƙara lensi mai faɗi da ake ɗaurawa daga waje. Abin da ke ceton ta shi ne tana ajiye hoto a tsarin RAW, wanda ke ba ka damar gyara launi a kwamfuta fiye da yadda hoton da aka riga aka matse zai bari, kuma ƙaramar filashar jikinta tana iya tayar da babbar filasha ta waje ta siririyar igiyar haske. Wato kana iya fara da ita ita kaɗai, baɗi ka ƙara fitila, bayan nan lensi, ba ka jefar da komai ba.

Waya ba zan daɗe a kanta ba. Gidajen sun inganta, SportDiver na SeaLife yana kai mita 40 kuma yana da ƙararrawar yoyo, na Divevolk yana bari ka taɓa fuskar wayar a cikin ruwa. Babban allo abin so ne, launin ma ba laifi a ruwa marar zurfi. Sai dai waya tana zafi in an rufe ta, zafin nan kuma shi ke kawo hazo a gilashi. Kuma abin da ka sa a hatsari ba kyamara ce kawai ba, tikitin jirginka da lambobin mutanenka da duk hotunanka suna ciki. Wanda ke nutso sau ɗaya a shekara a ruwa mai ɗumi, kuma yana da tsohuwar wayar da zai iya rasawa, ya gwada. Wanda zai yi mako a jirgin ruwa yana shiga sau uku ko huɗu a rana, cire waya da mayar da ita kaɗai ya ishe shi, kuma kowace buɗewa wata dama ce ga gashi ɗaya ya kwanta a kan zoben robar da ke hana ruwa shiga gidan.

Babbar kyamara ita ce mai hoton da kake gani a mujallu, ba musu. Sensa babba, ido mai saurin kama kifi, da cikakken iko: da saurin ɗauka kake zaɓar yadda shuɗin bayan zai yi duhu ko haske, da filasha kuma kake haska abin da ke gaba, kowanne daban. Gidajen alminiyom irin na Nauticam yawancinsu suna kai mita 100, na roba mai ƙarfi irin na Ikelite mita 60, duka sun wuce mita 40 da ke iyakar nutson nishaɗi. Amma a nan gizo ke saƙa. Gidan na kyamara ɗaya ne tak, in ka canza kyamara ka canza gida. Kowane lensi da bakin gilashinsa: na ƙananan halittu shafaffe, mai faɗi kuma sai gilashi mai doro, wanda ke dawo da faɗin da ruwa ya cinye. Ba a canza lensi a ƙasa. Ka shiga da na ƙanana, manta ta zo ta yi shawagi a kanka, iyakarka ka ɗauki idonta. Ga nauyin kaya a filin jirgi, ga batura da dole su bi ka cikin jakar hannu, ga awa guda ta haɗawa da dubawa kowace safiya. A tsakani akwai irin su Sony RX100, mai sensar inci ɗaya da cikakken iko, wadda ake iya sauya mata lensin waje ana cikin ruwa. Zaɓi ne mai kyau ga wanda ya riga ya iya kyamara a tudu, sai dai ita ba ta jure ruwa ko kaɗan, yoyo ɗaya ya gama da ita.

Abin da ya fi damuna da babban kaya a hannun sabon mai nutso ba asarar kyamara ba ce. Mutumin da bai iya tsayawa cak a tsakiyar ruwa da numfashinsa ba, in ka cika masa hannu biyu ka manna masa ido a allo, ƙafarsa za ta sauka a kan murjanin da ya yi shekaru yana girma, ko gwiwarsa ta sami kifin dutse da ke kwance da dafinsa. Hankali yana tafiya wajen hoto, a manta da agogon iska, alhali a mita 30 matsin ya ninka na sama sau huɗu, iskar ma haka take ƙarewa. A bi kunkuru ƙasa ba a sani ba, ko a bi shi sama da gudu, wanda ya fi muni. Ni dai a ganina wanda bai kai matsayin da zai tsaya wuri ɗaya minti uku a mita 5 ba tare da ya kama igiya ko ya kaɗa hannu ba, abin da ya dace da shi kyamara ce da zai iya sakewa ta rataya a jikinsa ya gyara kansa.

Yanayin ruwan ma yana da ta cewa. A Bahar Maliya, inda ake yawan ganin mita 20 zuwa 30 ga rana mai ƙarfi, ƙaramar kyamara ba fitila tana fitar da abin kallo a zurfin da bai wuce mita 10 ba. A ruwa mai gurɓata kuwa, fitilar da ke kusa da lensi ita ce abokiyar gaba. Haskenta na bugun ƙurar da ke yawo tsakaninka da kifin ya dawo kai tsaye, hoton ya cika da fararen ɗigo. Maganin shi ne a nisanta fitilar gefe a kan hannu mai lanƙwasa, a ɗan karkata ta waje yadda gefen hasken ne kawai zai taɓa abin. Saboda wannan nake cewa, in an ba ni zaɓi tsakanin kyamara mafi kyau ba fitila da TG mai filasha ɗaya a kan hannu, ta biyun zan ɗauka. Ruwan sanyi kuma nasa sharaɗin daban. A Silfra ta Aisland, tsagin da ke tsakanin manyan faya-fayan ɓawon duniya biyu, na Turai da Asiya da kuma na Amurka ta Arewa, ruwan bai wuce digiri 2 zuwa 4 ba, ana ganin fiye da mita 100, amma da safar hannu mai kauri ƙananan maɓallai ba su dannuwa, baturi kuma yana saurin mutuwa. A can kyamara mai maɓalli ɗaya babba ta fi mai goma.

Hoton ganewa daban yake da hoton ado, kuma wannan ma yana shafar abin da za ka saya. Mai son ado fuska yake nema da ido. Mai son suna gefe yake nema, kifin a miƙe, ƙayoyin baya a buɗe, wutsiya a ciki. Sannan ya rubuta zurfi da wurin da irin ƙasan, domin launi kaɗai yana yaudara. Ɗan kifin mala'ika na sarki shuɗi ne mai zagayen farare, in ya girma sai ya koma ratsin rawaya da shuɗi a kwance, wanda bai sani ba zai rantse iri biyu ne. Kifin aku ma yana canza launi, da yawa har jinsi suke canzawa daga mace zuwa namiji. Kunkurun teku kore da mai bakin shaho ana raba su da ɓawon da ke tsakanin idanu: kore yana da biyu, mai bakin shaho huɗu, don haka hoton kai daga sama ya fi na dukan jiki amfani. Manta kowace da ɗigon cikinta, ba biyu da suka yi daidai, hoton da masu bincike ke so shi ne na ƙasanta. Babban shak mai ɗigo-ɗigo, wanda ya fi kowane kifi girma, ana gane ɗaiɗaikunsa da ɗigon da ke bayan matsefin numfashi na hagu, kuma tun 2005 ake amfani da lissafin da masana taurari suka ƙirƙira don daidaita taswirar sama wajen daidaita waɗannan ɗigo. Ga waɗannan manya biyu bidiyo ya fi hoto, domin daga baya kana iya tsayar da shi daidai inda dabbar ta juya maka gefen da ake so. A wurare irin Ningaloo ta Ostareliya ma an hana filasha a kan shak ɗin, an kuma sa a ba shi tazarar mita 3 daga jiki, 4 daga wutsiya, wato manyan fitilunka ba su da aiki. Hotunan da ka samu in ka ɗora a shafin intanet na iNaturalist da kwanan wata da wuri, masana za su taya ka suna, FishBase, rumbun bayanan kifaye na intanet, kuma za ta gaya maka ko irin yana rayuwa a wannan teku ma.

To wa zai ɗauki me? Wanda nutsonsa na manyan dabbobi ne da ruwa mai ja, ko burinsa bidiyon da zai nuna wa iyali, GoPro ko Osmo da gidanta da ɗan faranti mai hannu biyu sun ishe shi. Wanda ke tsayawa a kan dutse ɗaya minti goma yana leƙa ramuka, ya fito yana tambayar sunaye, TG da fitila. Masu nutso da yawa suna haɗa biyun, su ɗaura ƙaramar ta bidiyo a saman gidan TG, kuma wannan haɗin ya rufe kusan duk abin da teku zai kawo a rana ɗaya, duka a jaka guda. Babbar kyamara ta wanda ya riga ya gaji da iyakar ƙaramar ce, ya san takamaimai hoton da ta hana shi, zai kuma iya faɗin sunan lensin da zai ba shi.

Ko wacce ka ɗauka, zoben roba ɗaya ne ke tsakaninta da teku. A cire shi da kati ko da matsin yatsa, ba da abu mai kaifi ba, a goge ramin, a duba shi a haske mai kyau, a shafa masa man da kamfanin ya ce, ɗan kaɗan yadda zai yi sheƙi kawai, don yawan mai yashi yake kamawa. A rufe gidan a wuri mai sanyi marar laima, a sa 'yar jakar tsotse danshi a ciki, a tabbatar bakinta bai shiga tsakanin murfi ba. Kada a bar shi a rana a kan jirgi. Sabon gida a fara shiga da shi babu kyamara, da 'yar takarda mai laushi a ciki, in ta fito a bushe sai a amince masa. Bayan kowane nutso a jiƙa shi a ruwan daɗi ana danna maɓallai ɗaya bayan ɗaya kafin gishiri ya bushe a cikinsu, kuma kada a bar shi shi kaɗai a bahon wanki, domin a can ne wasu gidajen ke bugun juna, kuma babu matsin zurfi da zai danne zoben a mazauninsa.